Babi na Biyar: Laifin Wa Ne?

An haifi yaro, an yi suna, an ci an sha. Wata shida ya wuce bai zauna ba, shekara ta zagayo wuyansa bai tsaya ba. Daga nan wata tambaya takan fara yawo a cikin gida, ko da ba wanda ya ɗaga murya ya yi ta. Dangin miji na kallon matar, dangin matar na kallon mijin. Wata tsohuwa ta tuna cewa uwar ta je rafi da tsakar rana tana da ciki, ta ce ai ɗan ruwa ne. Wani ya ce sammu aka yi. Wani kuma ya ce a dai bincika, akwai abin da iyayen suka aikata. Laifin wa ne? A ƙarƙashin wannan kuma akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ake jin kunyar furtawa: wannan yaron, darajarsa ɗaya da ta 'yan'uwansa masu guje-guje a tsakar gida?

Gidajen da ake wannan tambaya suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. A wannan babi za mu duba amsar da addinin Kirista ya bayar, da abin da Kiristoci suka yi da ita, har da wuraren da aikinsu ya saɓa wa abin da suke karantawa ran Lahadi.

Almajirai ma sun tambaya

Tambayar tana cikin Linjila. A sura ta 9 ta Yohanna, Yesu da almajiransa suna wucewa suka ga wani mutum da aka haifa makaho, wanda aka san shi da zaman bara. Almajiran suka so su san zunubin wa ya jawo masa, nasa ko na iyayensa. A lura, hanya biyu kawai suka bari. Cewa zunubi ne sanadi, wannan sun riga sun gama yarda da shi. Kuma a gabansa suke maganar. Makaho ne, ba kurma ba, yana jin ana tattauna shi kamar ba ya wurin. Duk wanda ya taɓa tura keken guragu zuwa asibiti ya san wannan hali: mai turawa ake tambaya abin da ke damun wanda ke zaune a keken.

Yesu ya toshe hanyoyin biyu. Ya wanke mutumin, ya wanke iyayensa, sa'an nan ya juya maganar zuwa ga aikin Allah da za a gani a rayuwarsa. Wannan kashi na biyu na amsar ya daɗe yana damun Kiristoci masu naƙasa, kuma suna da hujja. Shin Allah ya makantar da mutum shekaru da yawa ne don a samu abin nunawa wata rana? A ganina ba nan maganar ta dosa ba. Almajirai suna duban baya suna neman mai laifi, shi kuma ya juyo da fuskarsu ga mutumin da ke gabansu da abin da ya kamata a yi yanzu.

Masu wa'azi da yawa sukan tsaya a daidai inda mutumin ya wanke idonsa a tafkin Siluwam ya dawo yana gani. Alhali mafi yawan surar bayan nan take. Maƙwabta suka yi ta gardama ko shi ne ko mai kama da shi. Shugabannin addini suka kira shi, suka kira iyayensa, iyayen suka ji tsoro suka ce ai babba ne, a tambaye shi. Mutumin da a farkon labari ba a ko tanka masa ba, shi ne ya tsaya shi kaɗai gaban malamai yana ba su amsa, har ya ƙure su. Da hujja ta ƙare musu sai suka koma ga tsohon zargi, suka ce masa cikin zunubi aka haife shi, suka kore shi. Zargin da Yesu ya rushe a farkon surar, shi malaman suka ɗauko a ƙarshenta. Yesu kuwa ya bi sawunsa ya same shi.

Gaskiya ne akwai ayoyin da mai son ɗora laifi zai iya kamawa. Maimaitawar Shari'a sura ta 28 ta lissafa makanta cikin la'anonin da ke bin rashin biyayya. A Yohanna sura ta 5 Yesu ya gargaɗi wani da ya yi shekara 38 yana kwance da ya daina zunubi kada abin da ya fi wannan ya same shi. Ba wanda ya ce zunubi ba ya cutar da jiki, ai mashayin da ya tuƙa mota ya karya yaro shaida ne. Abin da aka hana shi ne mutum ya dubi jikin ɗan'uwansa ya yanke hukunci a kan zuciyarsa. Wannan ne abokan Ayuba suka yi, littafin kuma ya ƙare da Allah yana fushi da su.

Daga ina martabar take?

Idan naƙasa ba hukunci ba ce, saura tambaya ta biyu. Amsar Kiristanci tana shafin farko na Littafi Mai Tsarki, inda Farawa ta ce an halicci mutum, namiji da mace, cikin siffar Allah. Kiristoci ba sa nufin Allah yana da hannu da ƙafa irin namu. Suna nufin akwai wata alaƙa da wani matsayi da Allah ya ba ɗan Adam wanda bai ba sauran halitta ba. Abin lura shi ne lokacin da aka faɗi maganar: tun mutum bai yi noma ba, bai yi magana ba, bai tsinana komai ba. A kan wannan tushe Farawa sura ta 9 ta hana kisan kai, wasiƙar Yakubu kuma ta hana zagin mutum.

Sai dai malaman ikilisiya sun sha tambayar kansu a ina wannan siffa take zaune. Manyansu, irin su Agustin na Arewacin Afirka da Toma Akwinas, sun fi karkata ga hankali da ikon tunani. Ba su yi nufin fitar da kowa ba, amma amsar tana da rami. Idan hankali ne ma'aunin, mai kaifin ƙwaƙwalwa ya fi kowa kama da Allah ke nan, yaron da ba zai taɓa sanin sunansa ba kuma ya koma can ƙarshen layi. Shi ya sa masana tauhidi da yawa a ƙarnin da ya wuce suka ce siffar ba ta rataya a kan abin da mutum ya iya ba. Allah ne ya san shi, ya kira shi, ya ba shi. Abin da aka ba ka kyauta tun ba ka san kanka ba, ciwo ba ya ƙwace shi.

A nan nake da 'yar magana a kan taken da muke yawan ji a rediyo da tarurruka, cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Take ne mai kyau, ya kuma yi aiki. A wasannin naƙasassu na Riyo a 2016 'yan Najeriya sun kawo zinare 8, a shekarar da masu lafiyar jiki suka dawo da tagulla ɗaya tak. Muna da makafi lauyoyi, da guragu masu ƙera kekuna, da kurame teloli. Amma taken yana da iyaka. Akwai yaron da ba zai ɗaga ƙarfe ba, ba zai yi ɗinki ba, cokali ma sai an kai masa baki har ƙarshen ransa. Idan hujjarmu ta girmama naƙasasshe ita ce shi ma yana iyawa, to wanda ba ya iyawa mun bar shi a waje. Hausawa na cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Karin maganar ya faɗi gaskiyar yadda duniya take: mutunci yakan zo in akwai abin hannu. Iƙirarin Kiristanci shi ne kuturun da ba shi da ko anini, darajarsa ɗaya da ta sarki.

A duniyar da Kiristanci ya taso wannan magana baƙuwa ce. Aristotal ya ba da shawarar a kafa doka kada a reni jaririn da aka haifa da tawaya. Saneka, masanin Rum, ya ambaci nutsar da irin waɗannan jarirai a ruwa a matsayin abin da hankali ya yarda da shi. Yahudawa da Kiristocin farko sun ƙi wannan, kuma a shekarar 374, bayan sarakunan Rum sun zama Kirista, aka mai da kisan jarirai laifin da ke da hukuncin kisa. A daidai wannan zamani Bishop Basil ya gina wani babban gidan jinya a bakin garin Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda ake karɓar kutare.

Gurgu a teburin sarki

Abin da ke ba mai karatu mamaki shi ne yawan masu tawaya cikin manyan mutanen Littafi Mai Tsarki. Ishaku ya tsufa idonsa ya dushe. Yakubu ya kwana yana kokawa a Feniyel, ya fito da sabon suna da albarka da ɗingishi, duka a dare ɗaya, kuma ba a ce ɗingishin ya warke ba. Musa ya kawo uzurin nauyin baki, Allah ya tuna masa wanda ya yi baki, wanda ya yi kurma da bebe da mai gani da makaho, sa'an nan ya haɗa shi da Haruna. Bai sauya masa harshe ba, abokin aiki ya ba shi. Littafin Firistoci sura ta 19 ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaure hanin da tsoron Allah, domin laifi ne da wanda aka yi wa ba zai ji ba, ba zai gani ba.

A cikin wannan littafin dai, sura ta 21, akwai wurin da ya fi kowanne wuya. An hana zuriyar Haruna masu lahani a jiki, makaho ko gurgu ko mai doro, su miƙa hadaya a bagade. An bar musu cin abinci mai tsarki tare da sauran firistoci, wato ba a kore su daga gidan ba, amma an tsayar da su nesa da labulen wuri mai tsarki. Kiristoci sun yarda cewa wannan tsari na haikali ya ƙare da zuwan Almasihu. Duk da haka inuwarsa ta daɗe. Kundin dokokin cocin Katolika na 1917 ya sa lahanin jiki cikin abubuwan da ke iya hana mutum zama fada, sai a kundin 1983 aka cire.

Labarin da na fi so a tsaya a kai shi ne na Mefiboshet, jikan Sarki Saul. Yana ɗan shekara biyar labari ya zo an kashe ubansa da kakansa a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, cikin gaggawa ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace. Ya girma a ɓoye a gidan wani a Lodebar. Da Dawuda ya kira shi, ya zo yana rawar jiki, ya kwatanta kansa da mataccen kare. Haka raini yake yi, in ya daɗe sai mutum ya karɓe shi ya riƙa yi wa kansa. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa, ya kuma ce daga ranar a teburinsa zai riƙa cin abinci kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Marubucin ya rufe surar da tuna mana cewa har yanzu gurgu ne. Ba abin da ya sauya a ƙafarsa. Wurin zamansa ne ya sauya.

Kowa ya san yadda ake biki a garuruwanmu. Akwai wanda ake ƙulla wa shinkafa a leda a miƙa masa a bakin ƙofa, akwai kuma wanda ake shimfiɗa wa tabarma a ce bismilla, a sa hannu a kwano ɗaya da shi. Dukansu sun ci, amma ɗaya ne kawai aka gayyata. A Luka sura ta 14 Yesu yana cin abinci a gidan wani babban Bafarisiye ya ce masa in zai yi walima ya kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama masa ba. Tabarmar yake nufi. Mu kuwa, Kirista da Musulmi, mun fi ƙwarewa a ledar. Sadaka tana da lada, kuma mai jin yunwa ba ya raina ta, sai dai ana iya shekara talatin ana ba mutum sadaka ba a san sunansa ba.

Idan ba a warke ba fa?

Wani zai ce, to ai Yesu warkar da su ya yi, wannan bai nuna naƙasa abin kawarwa ba ce? Linjila cike take da warkarwa, kuma ba Kiristan da zai ce addu'ar neman lafiya laifi ce. Amma a dubi yadda ya yi. Kuturun da ya zo wurinsa, taɓa shi ya yi, alhali doka ta ware shi daga mutane. Matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya kira ta 'yar Ibrahim a gaban shugaban majami'a. Bartimawas yana ihu a bakin hanyar Yariko, jama'a na tsawata masa ya yi shiru, Yesu ya tsaya ya sa a kira shi, sa'an nan ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Makaho ne, kowa na gani, amma bai yanke masa ba, sai da ya ji daga bakinsa.

A kwatanta wannan da abin da ake gani a wasu tarurrukan farkawa. A jera masu keke a gaba, a yi ta ihu a kansu, a ɗaga sanda sama ana tafi. Wanda bai tashi ba a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai zunubin da bai furta ba, ko la'anar kakanni ce. Ya zo da nauyi ɗaya ya koma da biyu. Wannan tambayar almajirai ce aka sake yi, kuma Yesu ya riga ya amsa ta. Manzo Bulus kansa, wanda aka ce ta hannunsa gurgu ya tashi a Listira, ya roƙi Allah sau uku ya cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, kuma a cikin rashin ƙarfi ikon Allah yake cika.

Joni Eareckson Tada tana shekara 17 a 1967 ta yi tsalle cikin ruwa marar zurfi a gaɓar Amurka ta karya wuya. Tun daga ranar ba ta sake tafiya ba, hannuwanta ma ba sa riƙo. Ta je tarurrukan warkarwa, an shafa mata mai, an yi mata addu'a, ta dawo a kekenta. Ta koyi zane da buroshi a baki, a 1979 kuma ta kafa ƙungiyar Joni and Friends, wadda ke gyara kekunan guragu tana rarrabawa a ƙasashe matalauta. Sama da shekara hamsin ke nan tana wa'azi daga kan keken. Wa zai dube ta ya ce bangaskiya ta rasa?

Wata malamar jami'ar Emory, Nancy Eiesland, wadda aka haifa da ciwon ƙashi ta kuma sha tiyata tun tana yarinya, ta kai maganar nesa a littafinta na 1994. Kiristoci sun gaskata cewa an gicciye Yesu ya kuma tashi daga matattu, abin da Musulmi ba su yarda da shi ba. Ita ta ce wa 'yan'uwanta Kirista su dubi abin da suka ce sun gaskata: a Linjila, da ya bayyana ga almajiransa, hannuwansa da ƙafafunsa ya nuna musu, ya kuma ce wa Toma ya taɓa gurbin mashi. Jikin da suke kira jikin ɗaukaka yana ɗauke da raunukansa, da su ma aka gane shi. Idan haka ne, ba yadda za a yi Kirista ya ce lahani a jiki yana nisanta mutum da Allah.

Abin da aka yi da hannu

Wannan koyarwa ta haifi ayyuka da yawa. Wani fada Bafaranshe, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame ta kyauta a Faris wajen 1760 yana koyarwa da alamun hannu. Fada Damien ɗan Beljiyam ya tafi tsibirin Molokai a 1873 ya zauna cikin kutaren da aka killace, cutar ta kama shi, ya mutu a can a 1889. Likita Paul Brand, ɗan mishan a Vellore ta Indiya, shi ya nuna cewa kuturta ba cin yatsu take yi ba. Jijiyoyi take kashewa, mutum ya daina jin zafi, ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, miki ya ruɓe. Wannan ganowa kaɗai ta ceci hannuwa da ƙafafu masu yawa. Yau ana warkar da cutar da haɗin magunguna cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ga wannan aiki da idonsu. Akwai asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, waɗanda mishan ɗin SIM ta riƙe tun shekarun 1930 da yardar hukumomin En'e, da na Garkida a Adamawa, da na Danja kusa da Maraɗi. Asibitin ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943, makarantar makafi ta Gindiri kuma mishan ɗin SUM ta kafa ta a 1953. Ba a rasa abin faɗa a kan wasu daga cikin waɗannan wurare ba. An keɓe mutane nesa da danginsu, an haɗa magani da wa'azi ga marasa lafiyar da ba su da wani wurin zuwa, kuma kusan kullum mai lafiya ne ke tsarawa, majinyaci yana karɓa.

Shi ya sa Andrew Foster ya fita daban. Baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya gama digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet. Ya zo Gana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, kafin ya rasu a hatsarin jirgi a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantun kurame sama da 30 a ƙasashe 13, har da Chadi da Kamaru. Ya horar da kurame suka zama malamai da shugabanni. Alamun Amurka da ya kawo sun danne irin maganar hannu da kuramen Hausa ke yi tun da can, wannan hasara ce. Amma yaron da ya shiga ajinsa ya ga kurma irinsa yana riƙe da alli.

Jarrabawar da aka yi a Jamus

A 1939 gwamnatin Hitila ta fara kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asirce, da hujjar cewa ci kawai suke yi ba sa amfanar ƙasa. Ana aika takardu gidajen jinya a cike, likitoci su sa alama, motoci su zo su kwashe. Zuwa Agustan 1941 an kashe kimanin mutum 70,000 da iskar guba. Da yawa daga gidajen da aka kwashe su na coci ne, kuma shugabanni da yawa sun yi shiru. A Bethel, babban gidan masu farfaɗiya, Fasto Bodelschwingh ya ƙi cike takardun, ko da yake a gidan nasa an riga an yi wa majinyata da yawa aikin hana haihuwa bisa wata dokar gwamnati ta 1933.

Ran 3 ga Agusta 1941 Bishop von Galen na Munsta ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai. Ya ce in aka yarda a kashe wanda ba ya samar da komai, to kowa ya jira ranarsa: tsoho, da ma'aikacin da ya ƙare ƙarfinsa a masana'anta, da sojan da zai dawo daga fagen fama ba ƙafa. Mutane suka kwafi huɗubar da hannu suna miƙa wa juna, jiragen Ingila suka watsa ta daga sama. Bayan mako uku aka ba da umarnin dakatar da shirin. Kisan ya ci gaba ta hanyar yunwa da allura har ƙarshen yaƙi, kuma bishop ɗin bai ɗaga murya irin haka a kan Yahudawa ba. Duk da haka abin ya nuna cewa maganar siffar Allah ba ta cikin aji ba ce kawai. Akwai ranar da rai ke rataya a kanta.

Matakala a ƙofar coci

Yawancinmu ba za a jarraba mu da irin wannan ba. Tamu jarrabawar ƙarama ce, kullum kuma ake yin ta. Da Amurka ta kafa dokar kare naƙasassu a 1990, wasu ƙungiyoyin Kirista sun nemi a cire wuraren ibada daga sharaɗin gyara gine-gine, aka kuwa cire su. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika. Mai karatu ya dubi ƙofar majami'arsu, ko masallacinsu, ya ƙirga matakalar.

Bayan ƙofa ma akwai wasu matakalan da ba na siminti ba. Wa ke fassara wa kurma wa'azi? Yarinyar da ba ta iya haddace amsoshin ajin baftisma ba, an yi mata baftisma ko an ce ta jira? Ana miƙa mata Jibin Ubangiji ko ana tsallake ta? Uwar da ɗanta ke ihu a tsakiyar sujada, 'yan zumuntar mata sun karɓe shi ko harara ta kore ta gida? Makaho nawa ne cikin dattawan ikilisiya? Idan gurgu ya nemi auren 'yar fasto, me ake ce masa? A wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa, sura ta 12, Bulus ya kira ikilisiya jiki ɗaya, ya ce gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Bai ce a yi haƙuri da su ba. Cewa ya yi in babu su jikin ne bai cika ba.

Henri Nouwen, fada ɗan Holan, ya koyar a jami'o'in Yale da Harvard, ya bar su, a 1986 ya koma wani gidan ƙungiyar L'Arche kusa da Toronto, inda masu tawayar ƙwaƙwalwa da masu taimaka musu ke zaune tare. Aka ba shi kula da wani saurayi, Adam, wanda ba ya magana, farfaɗiya kuma tana kama shi a kai a kai. Kowace safiya sai ya yi masa wanka, ya aske shi, ya sa masa kaya, ya ba shi abinci. Daga baya ya rubuta cewa Adam ya zama malaminsa, domin a wurinsa ya gane Allah yana ƙaunar mutum tun bai yi komai ba. Dole a faɗi kuma cewa a 2020 binciken da L'Arche ta sa aka yi ya gano wanda ya kafa ta, Jean Vanier, ya ci zarafin mata ta hanyar lalata shekaru da yawa. Kyakkyawar koyarwa ba ta isa ta tsare kowa ba. Inda akwai masu rauni, dole a sa ido a kan masu iko, komai tsarkin sunansu.

Mun fara da cikin gida, can kuma nauyin yake kwana. Kafin fasto ko likita ko gwamnati su ga yaron, akwai wadda ke goya shi har ya kai shekara goma, wadda ta bar kasuwa da biki saboda shi, wani lokaci ma aurenta ya mutu a dalilinsa. Babi na gaba a kan waɗannan uwaye ne: abin da suke ɗauka, bashin da suke bin dangi da ikilisiya, da tambayar da ke hana su barci, wato wa zai riƙe yaron bayan ransu.